Shekarun Ishaku nawa ne a kan Dutsen Moriya? Muhawara a kan Farawa sura 22

Malama Rifkatu:
Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana. Wata tambaya ta tsaya mini a rai tun ranar Lahadi, ina kuma roƙon waɗanda Allah ya ba su sani su taimake ni. Ina koyar da ajin 'yan shekara goma zuwa goma sha biyu a makarantar Lahadi, mun kai kan Farawa sura 22, inda Allah ya gwada Ibrahim. Na ɗaga musu tsohon hoton da muke amfani da shi, wanda ya nuna Ishaku ƙaramin yaro kwance a kan itace, sai wani yaro da mahaifinsa ke sayar da itacen girki ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, itacen da zai cinye rago guda har ya zama toka, yaro kamar wannan ba zai iya hawa dutse da shi ba." Na rasa ta cewa, domin aya ta 6 ta nuna Ibrahim ya ɗora wa Ishaku itacen ne, shi kuwa wuta da wuƙa kawai ya riƙe. Da na bincika sai na ga an ce malaman Yahudawa suna cewa shekarun Ishaku 37 a lokacin. Daga ina suka samo wannan lissafi, kuma ya dace in gaya wa yara abin da ba a rubuce yake a Littafi Mai Tsarki ba?

Baba Dattijo:
'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tambaya kafin ki koyar. Shawarata ita ce ki tsaya inda Maganar Allah ta tsaya. Ubangijinmu ya tsawata wa Farisiyawa a Markus 7:8 saboda sun saki umarnin Allah sun riƙe al'adun mutane, Manzo Bulus kuma ya gargaɗi Titus a kan tatsuniyoyin Yahudawa. Nassi ya kira Ishaku yaro, bai faɗi shekaru ba. Tun da iyayenmu suka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 suke karanta wannan sura, ta kuwa ishe su rayuwa da mutuwa cikin bangaskiya ba tare da sun san sunan malamin Yahudawa ko ɗaya ba.

Malam Ayuba:
Baba, ina gaisuwa, kuma na yarda da tushen maganarka cewa babu wata al'ada da za ta zauna a kujera ɗaya da Nassi. Amma ka ba ni dama in amsa wa Malama Rifkatu tambayarta ta farko, domin lissafin nan ba daga iska aka ciro shi ba, daga cikin Nassin aka haƙo shi. Farawa 17:17 ta nuna Saratu tana da shekara 90 a lokacin da za ta haifi Ishaku. Sura ta 23, wadda ke bin labarin dutsen, ta buɗe da rasuwar Saratu tana da shekara 127. Malaman da suka ɗauka cewa rasuwarta ta biyo bayan abin da ya faru a Moriya kai tsaye sai suka cire 90 daga 127, ya rage 37. Wurin da lissafin yake da rauni shi ne wannan zaton cewa abubuwan biyu a jere suka faru, domin Nassi bai faɗi hakan a fili ba.

Su kansu Yahudawa ba su haɗu a kan adadi ɗaya ba. Yosefus, marubucin tarihinsu na ƙarni na farko, ya ce shekarunsa 25. Ibrahim ibn Ezra, masanin da ya fito daga Andalus a ƙarni na 12, ya ƙi yarda da 37 ɗin, ya ce abin da ya fi kusa da hankali shi ne wajen shekara 13, hujjarsa kuwa ita ce da Ishaku cikakken mutum ne da ya miƙa wuyansa da kansa, da Nassi ya yaba masa fiye da mahaifinsa. Kalmar Ibrananci da aka fassara yaro ita ce na'ar, kuma da ita aka kira barorin Ibrahim biyu a wannan sura, da ita aka kira Yusufu yana ɗan shekara 17 a Farawa 37:2. Saboda haka ɗalibinki ya yi karatu mai kyau: ko wane ra'ayi aka bi, wanda ya hau dutse da dami a ka ba ɗan goye ba ne.

Game da tatsuniyoyi kuwa, Baba, Bulus ɗin da ya gargaɗi Titus shi ne ya ambaci sunayen bokayen Masar biyu da suka yi gāba da Musa a 2 Timoti 3:8, alhali littafin Fitowa bai faɗi sunansu ba, daga al'adar mutanensa ya samo su. Wasiƙar Yahuza ma ta ɗauko magana daga littafin Anuhu. Manzanni sun tashi ne a cikin majami'un Yahudawa, da kunnen da aka horar a can suka saurari Attaura.

Baba Dattijo:
Na ji, Malam. Amma manzanni Ruhu Mai Tsarki ne ya bishe su su tsince tsaba daga ƙaiƙayi. Mu wa zai tsince mana?

Malam Ayuba:
Nassin ne zai tsince mana, Baba, da ikilisiya idan ta zauna tare tana karatu kamar yadda muke yi yanzu. Ma'aunin da nake koya wa ɗalibaina shi ne a duba ko al'adar ta sa mun ga wani abu da dama yana cikin ayar muka tsallake shi, ko kuwa tana so ta cusa abin da ayar ta musanta. Ga misalin irin ta farko. Mu mun saba cewa "hadayar Ishaku", Yahudawa kuwa Akeda suke kiran labarin, wato ɗauri, daga kalmar aya ta 9 inda Ibrahim ya ɗaure ɗansa. Sunan nasu ya fi namu daidai, domin ba a yanka Ishaku ba, ɗaure shi aka yi. To me zai sa a ɗaure wanda ya yarda? A cikin Bereshit Rabba, tarin sharhin Farawa da aka harhaɗa a ƙasar Isra'ila wajen ƙarni na 5, da kuma tsofaffin fassarorin Aramiyanci da ake kira Targum, Ishaku ne ya roƙi mahaifinsa ya ɗaure shi tamau, don kada jikinsa ya yi rawa da ganin wuƙa ya ɓata hadayar. Ba na cewa an ji wannan magana daga bakin Ishaku. Abin da nake cewa shi ne sun lura da cewa tsoho mai shekara fiye da ɗari ba zai iya kayar da saurayi ya ɗaure shi ba in saurayin bai so ba, sun kuma lura Nassi ya maimaita sau biyu, a aya ta 6 da ta 8, cewa su biyu suka tafi tare. Na biyun ya zo ne bayan Ishaku ya riga ya tambayi inda ɗan ragon yake.

Mama Hannatu:
Ni abin da ya fi damuna a wannan sura tun ina yarinya shi ne rashin Saratu. Mace ta jira haihuwa har tsufa, aka tashi da sassafe aka fita da ɗanta ɗaya tilo, ba a rubuta ko kalma ɗaya daga bakinta ba. Na binne ɗa, na san abin da ake nufi da uwa ta tsaya a ƙofar gida tana duban hanya. Ban taɓa jin mai wa'azi ya tsaya a kanta ba. Malam Ayuba, su Yahudawan sun tuna da ita?

Malam Ayuba:
Mama, Allah ya ƙara miki haƙuri. Sun tuna da ita ƙwarai. Rashi, babban mai sharhinsu wanda ya rayu a Faransa daga 1040 zuwa 1105, ya ce an jera rasuwar Saratu kusa da labarin ɗaurin ne domin da labari ya iso mata cewa saura ƙiris a yanka ɗanta, sai ranta ya fita. Wannan sharhi ne, ba aya ba. Amma akwai abubuwa a cikin Nassin da suka jawo hankalinsu: sura ta 22 ta ƙare Ibrahim yana zaune a Biyer-sheba, Saratu kuwa a Hebron ta rasu, aka ce Ibrahim ya zo ya yi makokinta. Ishaku ya auri Rifkatu yana da shekara 40, watau shekara uku bayan rasuwar, Farawa 24:67 kuma ta ce ya kai amaryarsa cikin alfarwar mahaifiyarsa, a nan ne ya sami ta'aziyya.

Mama Hannatu:
Na gode, ɗana. Shekara uku yana ɗauke da rashin uwarsa. Wannan ban taɓa lissafa shi ba, alhali a gabana yake a rubuce.

Yohanna:
Iyayena, ku gafarce ni in sa baki. Na karanta cewa a cikin Bereshit Rabba ɗin nan an ce Ishaku ya ɗauki itacen kamar mutumin da ke ɗauke da gicciyensa a kafaɗa. Ashe ke nan malamansu sun san cewa Yesu ake nufi, suka ɓoye wa mutanensu gaskiya saboda taurin kai?

Fasto Iliya:
Yohanna, maganar tana nan a littafin kamar yadda ka faɗa, amma hukuncin da ka yanke a kanta bai yi daidai ba, ina kuma so ka janye shi. Romawa sun gicciye Yahudawa masu ɗimbin yawa. Yosefus ya ba da labarin cewa a lokacin da aka kewaye Urushalima a shekara ta 70, an gicciye mutane a gaban ganuwa har wuri da itace suka yi ƙaranci. Mutumin da ke tafe da gungumen da za a kashe shi a kai abu ne da kakanninsu suka gani da ido, shi ya sa malamin ya yi kwatanci da shi. Bai gaskata da Yesu a ɓoye ba, kuma ba mu da ikon sa masa a baki abin da bai faɗa ba.

Wannan zargi na cewa sun sani suka ɓoye yana da mummunan tarihi. A 1096, mayaƙan da suka ɗaura alamar gicciye za su tafi Urushalima sun fara ne da karkashe Yahudawan garuruwan bakin kogin Rhine a Jamus, irin su Worms da Mainz. Waɗanda suka rubuta labarin daga cikin Yahudawan da harshen Akeda suka rubuta shi, suna kuka cewa a Moriya ɗauri ɗaya aka yi mala'ika ya tsayar da wuƙa, a garuruwansu kuwa an yi ɗauri ba iyaka babu wanda ya tsayar. Mu da muka san ƙunar a kashe mutum saboda addininsa bai kamata mu yi wasa da irin wannan magana ba. Bulus ya ce a Romawa 11:18 kada reshen da aka ɗaura ya yi wa sauran rassa fahariya, gama ba shi ke ɗauke da saiwa ba, saiwa ce ke ɗauke da shi.

Wannan bai hana mu faɗin abin da muka gaskata ba. Yahudawan Iskandariya sun fassara Attaura zuwa Helenanci tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, a cikin fassarar kuma, inda Ibrananci ya ce "tilon ɗanka", suka sa "ƙaunataccen ɗanka". Kalmar nan ce aka ji daga sama a Markus 1:11 ranar baftismar Yesu. Inda mala'ika ya ce wa Ibrahim bai hana ɗansa ba, kalmar Helenancin ita ce Bulus ya ɗauka a Romawa 8:32 da ya ce Allah bai hana Ɗansa ba, ya ba da shi saboda mu duka. Orijin, malamin Kirista wanda ya yi koyarwa a Kaisariya a ƙarni na 3 kuma ya riƙa tuntuɓar malaman Yahudawa, ya ga Almasihu a cikin Ishaku mai ɗauke da itace, ya kuma gan shi a cikin ragon da aka yanka. A nan ne karatun Yahudawa ya yi mini amfani a wa'azi. Muddin Ishaku ƙaramin yaro ne da bai san abin da ake ciki ba, kwatancinsa da Yesu gurgu ne, domin Yesu ya ce a Yahaya 10:18 babu mai karɓe ransa, shi ne yake ba da shi don kansa. Ishakun da ya san inda za a, ya kuma ci gaba da tafiya, shi ne ya fi kama da wanda ya yi addu'a a Getsamani.

Yohanna:
Na janye, Fasto, na kuma gode da gyara. To in haka ne, ina ainihin inda muka rabu da su a kan wannan sura?

Fasto Iliya:
Mun rabu a kan abin da labarin yake nunawa. Su a wurinsu ɗaurin Ishaku aiki ne cikakke da suke tuna wa Allah da shi. Suna karanta surar a rana ta biyu ta idin sabuwar shekararsu, Rosh Hashana, suna busa ƙahon rago, Talmud kuma, babban kundin koyarwar malamansu, ya bayyana cewa ana busa shi ne don Allah ya tuna da ɗaurin Ishaku ya ji ƙan zuriyarsa. 2 Tarihi 3:1 ta ce a Dutsen Moriya Sulemanu ya gina Haikali, saboda haka suna ganin kowace hadaya da aka miƙa a can tana da saiwa a wannan rana. Mu kuwa muna ganin amsar Ibrahim, cewa Allah zai tanada wa kansa ɗan rago, ba ta gama cika a ranar ba, sai da Yahaya Maibaftisma ya nuna Yesu ya ce ga Ɗan Rago na Allah. Wannan bambanci ne na gaske, ba na kuma son mu shafe shi don neman daɗin baki. Bayahude mai riƙe da addininsa ba zai yarda da karatuna ba, ni ma ba zan bar nawa ba.

Malam Sani:
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, abokin aikin Malam Ayuba, shi ya sa ni a wannan zaure, ina kuma bin muhawarar da sha'awa domin wannan ƙissa ita ce tushen layyarmu. A cikin Suratus Saffat, Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya gaya wa ɗansa mafarkin da ya yi ya nemi ra'ayinsa, ɗan kuwa ya ce ya aikata abin da aka umarce shi, zai same shi cikin masu haƙuri in Allah ya so. Ke nan yardar ɗan, wadda kuke tattaunawa a kanta, a wurinmu a fili take. Ayoyin ba su ambaci sunansa ba. Abin da akasarin malamanmu suke kai, ni ma nake kai, shi ne Annabi Isma'ila ne, kamar yadda Ibn Kasir ya ƙarfafa, ko da yake Imam Ɗabari ya rinjayar da cewa Annabi Ishaƙa ne. Na kawo wannan ne don ƙarin bayani, ba don jayayya ba.

Malam Ayuba:
Mun gode, Malam Sani. Yahudawa ma ba su manta da Isma'ilu a wannan wuri ba. Sun lura da yadda aya ta 2 ta jero kalmomi, ɗanka, tilonka, wanda kake ƙauna, Ishaku, sai Rashi ya kawo tsohon sharhin da ya mai da su zance: Ibrahim ya ce 'ya'yana biyu ne, kowanne tilo ne a wurin uwarsa, dukansu kuma ina ƙaunarsu, sai a ƙarshe aka ambaci suna.

Baba, bari in kawo misalin al'adar da ni kaina ba na karɓa, don ka ga ma'aunin yana yanka ta ko'ina. Aya ta 19 ta ce Ibrahim ya koma wurin barorinsa, ba ta ambaci Ishaku ba. Wasu malamai suka ce ya wuce makarantar Shem ɗan Nuhu ne neman ilimi, wani littafi kuma, Pirke na Rabbi Eliyezer, ya ce da wuƙa ta kai wuyansa ransa ya fita, da ya ji muryar mala'ika ya dawo. Tambayar tasu tana da kyau, domin shirun ayar na gaske ne. Ibraniyawa 11:19 ma ta taɓo tashin matattu a nan, amma ta yi takatsantsan ta ce a misali ne Ibrahim ya sake karɓar ɗansa. Ni a nan nake tsayawa.

Baba Dattijo:
To, yanzu mun fara jin juna. Aya ta 12 ta ce kada a yi wa yaron kome, saboda haka zancen fitar rai ba zan saurare shi ba. Amma maganar ɗauri ta shige ni. Na yi kiwo, na yanka raguna da hannuna, na san ko ɗan tunkiya sai mutum biyu sun danne shi an haɗa ƙafafunsa da igiya, yana shure-shure har ƙarshe. Barorin an bar su a baya tare da jaki, babu mai taya Ibrahim. Shekara sittin ina karanta wurin nan ban taɓa tambayar wa ya riƙe masa Ishaku ba. Sharaɗina ɗaya ne, 'yata Rifkatu: in za ki faɗa wa yara 37 ko 25, ki ce musu "malaman Yahudawa sun ce", kada ki ce "Littafi ya ce". Yaro ba ya rarrabewa in ba a rarrabe masa ba.

Malama Rifkatu:
Na karɓi sharaɗin, Baba. Saura abu ɗaya da nake tsoro. Idan wata yarinya ta tambaye ni ko Allah zai iya ce wa babanta ya yanka ta, me zan ce?

Fasto Iliya:
Ki ce mata a'a, ba tare da kewaye-kewaye ba, ki buɗe mata Maimaitawar Shari'a 12:31 da Irmiya 19:5, inda Allah ya ce ƙona 'ya'ya hadaya abu ne da bai umarta ba, bai faɗa ba, bai ma zo masa a rai ba. A nan ma malaman Yahudawa sun riga mu tunani. A Talmud, sashen Ta'anit, sun rarraba wannan aya ta Irmiya gida uku, suka ce "bai zo mini a rai ba" tana nufin Ishaku ɗan Ibrahim, wato tun farko ba nufin Allah ba ne a yanka shi. Ki nuna mata kuma cewa aya ta 1 ta riga ta gaya wa mai karatu gwaji ne, kuma muryar da ta tsayar da wuƙa a kan dutsen ita ce mai cewa kada ka taɓa yaron.

Malama Rifkatu:
Allah ya saka muku da alheri duka. Ranar Lahadi zan ajiye tsohon hoton, in sa a kawo mini dami guda na itace a ajiye a gaban aji, in bar yaron da ya yi tambayar ya gwada ɗagawa, sannan mu karanta sura ta 22 mu zarce har aya ta 2 ta sura ta 23 saboda Saratu. Mama Hannatu, in jikinki ya yarda, ina so ki zo ki zauna tare da mu a ranar.

Mama Hannatu:
Zan zo, in Ubangiji ya kai mu. Ki ajiye mini kujera kusa da ƙofa saboda ƙafata.